Haruffa Sittin a Gindin Shafi

Injin yana ƙarƙashin bencin Baba, tsakanin kwalin matattun batura da wata kujera mai ƙafa uku da ba wanda yake zama a kanta. Girmansa bai wuce tafin hannu biyu ba. Yana da 'yar fitila koriya mai ƙiftawa, da ƙaramar fanka wadda in datti ya shige ta sai ta riƙa kuka kamar sauro a cikin kwalba. Kullum da safe, kafin in ɗauki tsintsiya, nakan durƙusa in duba ko fitilar na nan da rai. Baba ya ɗauka wani abu nake yawan yarwa a wurin. Ban taɓa gyara masa zato ba.

Layinmu na 'yan waya ne. Masu sayar da sababbi suna bakin titi, masu tsofaffi a tsakiya, mu masu gyara muna can ƙurya inda rana ba ta leƙowa sai ta karkata. Baba ya fara da rediyo, ya koma agogo, da waya ta zo ya bi ta. Ni kuwa shekara biyu ke nan da na gama jami'a, na karanta ilimin kwamfuta, takardun neman aikina sun zaga gari ba su dawo da amsa ba. Don haka ina shago. Ina rubuta rasit, ina jera ƙananan kusoshi a marfin gwangwani, ina sauraron mutane. Sauraro na fi iyawa. In baƙo ya yi mini tambaya, amsar takan zo mini ne bayan ya kai bakin ƙofa.

Yayana ne ya kawo Littafi layinmu. Masu ilimin abin bulokcen suke ce masa, mu a nan Littafi kawai muke cewa. Kafin a yi shi, wayar sata kan shigo layin da safe ta sauya hannu uku kafin yamma, in bincike ya zo sai a kwashe wanda aka tarar da ita. Yaya ya ce a riƙa rubuta lambar jikin kowace waya da aka saya, da wanda ya saye ta, da duk wadda aka kawo rahoton an sace. Amma kada littafin ya zauna a hannun mutum ɗaya, don mai riƙe da alƙalami shi ake fara yi wa raɗa a kunne. Sai ya dasa ƙananan injuna ashirin da bakwai a shaguna ashirin da bakwai, kowanne da cikakken kwafi. Sau huɗu a yini ake rufe shafi. Ƙuri'a ce take zaɓen injin da zai rufe, sauran su duba su shaida. Kowane ɗan ƙungiya yana da kaso gwargwadon daɗewarsa a layin, kuma injin da aka jingina wa kaso mai yawa shi ƙuri'a ta fi faɗa wa. Wanda ya rufe shafi yana samun ɗan lada daga kuɗin rajista. Abin da aka rufe ya rufu, sai fa in masu kashi biyu cikin uku sun haɗa baki.

A gindin kowane shafi Yaya ya bar gurbin haruffa sittin, ko mai rufewa zai so ya yi sanarwa. Da farko an yi ta rubuta "a biya mai shara" da "wa ya ɗauki tsanina". Daga baya kowa ya manta da gurbin.

Shekara uku da suka wuce, Baba ya sayi waya a hannun wani mutum mai tsafta da ladabi, ya rubuta ta da sunansa kamar yadda aka saba. Bayan kwana biyu mai ita ta kawo rahoto, Littafi ya nuna inda take. Aka mayar mata. Kowa ya san ba Baba ne ya sata ba, amma layi ya zauna a shafi: waya kaza, ta sata, an same ta wurin mai gyara na ƙurya. Shekara talatin da 'yan kai yana sana'a ba a taɓa haɗa sunansa da wannan kalma ba.

Ya kira Yaya a gaban maƙwabta. "Kai ka haɗa abin nan. Cire mini sunana."

"Baba, ba ya ciruwa."

"Ba ya ciruwa, ko ba za ka cire ba?"

Da Yaya ya yi shiru, da an wuce wurin. Amma shi ba irina ba ne, amsarsa a kan harshe take kwana. Ya ce, "Ko yana ciruwa ba zan cire ba. In na cire naka yau, gobe na wa za a ce in cire?"

Ina tsaye da marfin kusoshi a hannu, na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "To je ka zauna da littafinka, tun da shi ya haife ka."

Cikin mako guda Yaya ya haɗa jaka ya bar garin. Baba ya kafa doka a gida: ba mai kiransa, ba mai ɗaga kiransa. Umma ta yi kuka ta bi doka. Shi ma Yaya, da yake zuciyar tasu iri ɗaya ce, ya sauya lamba.

Wata biyu da tafiyarsa, ina duba shafin safe, sai na ga wani inji da ban sani ba ne ya rufe shi. Kowane inji yana da suna. Namu "Ƙasan Benci" ne. Wannan kuwa sunansa "Ƙafa Uku". Na juya na kalli kujerar da Yaya ya zauna a kai tun yana shekara tara yana koyon riƙe dalma. A gindin shafin an rubuta: *Na sauka lafiya. Akwai wuta, akwai ruwa.*

Ashe ya tafi da kasonsa, ya kunna inji a inda yake.

Na gaya wa kaina karanta Littafi ba kira ba ne, littafin jama'a ne. Da ƙuri'a ta faɗa wa namu injin bayan kwana biyar, na zauna gaban gurbin nan har shafi ya kusa rufewa. Haruffa sittin aka ba ni, na yi amfani da bakwai: *Muna nan.*

Haka muka ci gaba. A lokacin ƙuri'a takan zagayo masa kusan duk mako. Nakan kwafe abin da ya rubuta a bayan tsohon littafina na makaranta, da kwanan wata. *An gyara rufin kicin kafin ruwa?* *Tabaransa na nan, ko ya sake zama a kai?* *A ce Umma ta daina ɗaga bokiti.* Bai taɓa rubuta inda yake ba, ban taɓa tambaya ba. Saƙon Umma kuwa nakan isar mata ne a matsayin mafarki.

"Umma, na yi mafarkin Yaya, wai ki daina ɗaga bokiti."

Ta dube ni ta gefen ido tana tsane hannu. "Mafarkin nan naki yana da hankali, Auta. In kin sake komawa barci ki ce masa ya riƙa rufe ƙirjinsa."

Sai Mai Sanyi ya zo. A saman bene na bakin titi ya kama ɗaki, ya sa manyan injuna shida da batura da na'urar sanyaya ɗaki, daga nan sunan ya bi shi. Mutum ne mai fara'a, ba ya wuce tsoho bai rusuna ba. Shago shago ya bi da ƙafarsa. Maganarsa ɗaya ce: me ya sa za ka riƙa ƙona wuta a kan inji, kana goge masa datti, kana jiran ƙuri'ar da wata kan iya wucewa ba ta faɗo maka ba? Jingina kasonka a nawa. Duk ƙarshen mako ladanka zai shigo wayarka, ba fashi, har da ɗan ƙari.

Kuma bai yi ƙarya ba. Ladan ya riƙa shigowa kan lokaci. Mai sayar da gilashin waya ya kashe injinsa ya ɗora butar shayi a wurin. Mai kwali ya ba jikarsa nasa tana wasa da fankar. Kowa in ka ji bakinsa cewa yake, nawa ɗan kason me zai rage, me zai ƙara? Baba ma ya ba da nasa, kashi uku cikin ɗari, da yake yana cikin tsofaffin layi. Ina jin ya ji daɗin raba kansa da abin. Nawa kashi ɗaya, da Yaya ya yi mini rajista ina aji biyu a jami'a, shi kaɗai ya rage a kan Ƙasan Benci.

Injunan shaguna ashirin da bakwai suka koma tara, tara suka koma shida. In na buɗe Littafi sai in ga Sanyi Ɗaya, Sanyi Huɗu, Sanyi Biyu, shafi bayan shafi, gindinsu wayam. Saƙon Yaya ya koma sau ɗaya a wata, wani lokaci har ya haura. Wani lokaci in ba shi amsar tambayar da ya yi kafin damina, ruwa ya riga ya ɗauke. Na ƙarshe da ya zo, kwana arba'in da uku ke nan: *Shirun ya yi yawa. Kuna nan kuwa?* Amsata tana ajiye a injin, tana jiran layi.

Ranar wata Litinin aka manna takarda a allon ƙungiya. Littafi ya yi nauyi, in ji takardar, ajiyarsa tana cin kuɗi. Za a share duk shafin da ya haura shekara biyu, a kuma cire gurbin gindin shafi da abin da ke cikinsa, tun da ba mai amfani da shi. Injuna za su kaɗa ƙuri'a ranar Alhamis da tsakar rana.

Na tsaya gaban allon har wani ya ce in ba shi hanya. Da na koma shago na duba lissafin kaso. Injunan Mai Sanyi suna riƙe da sittin da takwas cikin ɗari. Sittin da bakwai ake bukata.

Kashi biyu kacal nake nema. Na fara da Gwaggo mai caja, don ita kaɗai ce a layin nake iya kallon idonta. Ba 'yar'uwarmu ba ce, amma ta goya ni ina jaririya, tana kuma tuna mini duk mako. Na same ta tana warware igiyoyin caja da suka sarƙe, bakinta riƙe da roba.

"A'a, yau kurma ta fito yawo? Zauna, amaryar kwamfuta. Ko miji kika samo mini?"

"Gwaggo, kin ga takardar allo?"

"Na ga takarda. Idona ne bai ga rubutu ba."

Na yi mata bayani. Na ce in aka share tsofaffin shafuka, wayar da aka sace shekara uku baya za ta fito fes kamar ba a taɓa kuka a kanta ba. Na ce yau share tsohon shafi ne, gobe in wani mai ƙarfi ya hau benen nan ya ce a cire masa layi ɗaya, ba injin da zai ce a'a. Ban yi maganar Yaya ba.

"To ni ina ruwana? Ban yarda ba, shi ke nan. Ranar Alhamis in ɗaga hannu in ce ban yarda ba."

"Ba a ɗaga hannu, Gwaggo. Injin da kasonki yake kai shi zai yi magana da bakinki."

Ta cire robar daga baki. "Ke! Ni ajiya na ba shi, ban ba shi bakina ba."

"Tare suke tafiya."

"Ikon Allah. Ashe akuya na ba da kiwo har da kukanta." Ta yi dariya, sannan ta daina. "To yanzu me kike so?"

"Ki dawo da shi kan namu. Dannawa ɗaya ce a wayarki."

Ta kawar da kai ta ci gaba da warware igiya. "Auta, yaron nan na bene da ƙafarsa ya zo nan ya durƙusa. Da na kwanta ciwon ƙafa sau biyu ya zo duba ni. Yanzu in danna waya a bayan idonsa, gobe ya wuce ya gaishe ni, da wace fuska zan amsa? Kuma kashi ɗaya ne nawa. Je ki wurin manya."

Na je wurin mutum huɗu a ranar. Ɗaya ya ce ladan mako shi ke sayen littattafan yaransa. Ɗaya ya ce ai ya sayar da injinsa. Biyu suka ce nasu kaɗan ne, in je wurin manya. Ba wanda ya ce ban yi gaskiya ba.

Washegari na hau benen. Sanyi ya buge ni tun daga ƙofa. Injunan suna jere a kan kanta, ba ko ɗigon datti, wayoyinsu a ɗaure tsaf da kyau. Gaskiya na yi sha'awar wurin. Mai Sanyi ya tashi ya ba ni kujerarsa.

"'Yar Baba, yau ke ce da kanki? Ki zo ki yi aiki da ni mana, ilimin nan naki yana ruɓewa a ƙurya."

Na ce gurbin gindin shafi nake roƙo a bari.

"Gurbin? Wa yake rubutu a ciki?" Ya juya allon kwamfutarsa, ya gangara. "Ga shi, duk wayam. Sai wani mai surutun rufin kicin da bokiti." Ya yi murmushi. "Ni ban san ko wane ne ba. Kin san shi?"

Na mayar da idona kan injunan.

"Duba," ya ce a hankali, "ba mugunta nake nufi ba. Ni nake sayen ma'ajiya, ni nake biyan wuta. Mutane sun ce sun gaji da riƙewa, na riƙe musu. In suna so su karɓa, ƙofa a buɗe take, ban ɗaure kowa ba."

Wannan ma gaskiya ce. Na sauko ina jin zafin rana kamar ban taɓa shiga cikinta ba.

Saura mutum ɗaya. Kashi uku yake da su, kuma shi ne duk layin ya fi kowa dalilin son a share. Layin nan na wayar sata ya haura shekara biyu. Ranar Alhamis da tsakar rana zai tafi, ba tare da Baba ya roƙi kowa ba.

Laraba da hantsi ba ciniki. Baba ya sa gilashinsa mai ƙara girma a ido ɗaya, ya duƙa a kan wata waya da ruwa ya shiga, hayaƙin dalma yana tashi siriri. A haka na fi iya yi masa magana, in idonsa yana wani wuri. Na ɗauko littafina na makaranta, na buɗe bayansa.

"Baba, zan karanta maka wani abu."

"Uhm."

"Na sauka lafiya. Akwai wuta, akwai ruwa."

Bai ɗago ba.

"An gyara rufin kicin kafin ruwa? Tabaransa na nan, ko ya sake zama a kai? Na samu benci, amma kujerar ƙafa huɗu ce. A ce Umma ta daina ɗaga bokiti." Na juya shafi. "A nan ba wanda ya iya dalma kamar shi."

Ƙarfen dalmar ya tsaya a wuri ɗaya. Na ji ƙaurin roba. Tunda nake ban taɓa ganin Baba ya ƙona allon waya ba, sai ranar. Ya ɗaga ƙarfen ya ajiye a mazauninsa, ya zauna yana kallon baƙin tabon.

"Na hana a kira shi," ya ce.

"Ban kira ba. A Littafi yake rubutawa, a gindin shafi. Kowa zai iya gani."

"Tun yaushe?"

"Tun wata biyu da tafiyarsa."

"Uwarki ta sani?"

"Ta san ina mafarki."

Wani sauti ya fita ta hancinsa, ban san ko dariya ba ce. Ya cire gilashin, ya murza idon. Zoben da gilashin ya bari a fatarsa ya yi ja.

"Guda nawa ne?"

"Sittin da ɗaya."

"Karanta."

Na karanta duka, daga farko. Wani mai waya ya leƙo, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya dawo anjima. Da na zo kan *Yau na gyara rediyo irin tasa, na ƙi karɓar kuɗi*, ya ce in maimaita. Da na kai na ƙarshe, na *Kuna nan kuwa?*, sai ya ce, "Me kika ce masa?"

"Ban samu layi ba tukuna. Kashi ɗaya ne a injinmu."

Sai na gaya masa maganar Alhamis, da sittin da takwas, da kashi ukunsa. Ban ɓoye masa komai ba. Na ce in ya bar kasonsa inda yake, gobe sunansa zai fita daga shafin nan har abada.

"Nasa fa?"

"Su ma su tafi. Da gurbin gaba ɗaya."

"Ba a iya share nawa a bar nasa?"

"Ba a zaɓe, Baba. Haka ya gina shi."

"Haka ya gina shi," ya maimaita. "Ai na sani. Taurin kai har a cikin inji."

Ya ɗauki wayar da ya ƙona ya fara kankare tabon. Har muka rufe shago bai sake kallona ba, a gida ma ya ci abinci ya shige ɗaki. Na yage shafukan bayan littafina a raina sau goma, ina tunanin inda zan ɓoye su. Kwafi dai ina da shi. Amma kwafin abin da ya wuce ne. In gurbin ya tafi, ba ta inda na sittin da biyu zai shigo.

Alhamis da safe Baba ya fito da rigarsa ta zuwa taro, wadda Umma take ajiyewa a ƙasan akwati. Umma ta dube shi, ta dube ni, ba ta tambaya ba. A shago bai zauna a benci ba.

"Tashi mu je."

"Ina, Baba?"

"Wurin yaron nan na bene."

"Ai ba sai mun je ba. Dannawa ɗaya ce, kawo wayarka in—"

"Da ƙafarsa ya zo ya karɓa. Da ƙafata zan je in karɓo."

Muka ratsa layin, shi a gaba ni a baya. Gwaggo mai caja ta miƙe tsaye. "Maigidan ƙurya, wannan ado fa? Ko kishin Mai Sanyi ne ya sa ka yi wanka?" Baba ya ce, "Ajiyata zan karɓo." Ta bi mu da ido har muka fara hawa.

Gwiwarsa ba ta son bene. A kowane hawa biyar sai ya tsaya ya dafa bango. Mai Sanyi ya taso da sauri ya tare shi a ƙofa, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta aiki da ta gajiya. Sannan Baba ya ce ya gode da riƙon amana, bai taɓa ganin fashi ko na mako ɗaya ba, amma yana son kasonsa ya koma ƙarƙashin bencinsa.

Mai Sanyi ya dube shi. "Baba, ka san me ke cikin tsofaffin shafukan nan kuwa? Ni na ɗauka kai za ka fi kowa murna."

"Na sani. Na sayi wayar, ai ba ƙarya aka yi mini ba. A bar ta nan."

Baba ya miƙo mini wayarsa. A gaban Mai Sanyi na danna. Sittin da takwas ta koma sittin da biyar.

Da tsakar rana injuna suka kaɗa ƙuri'a, shawarar ba ta wuce ba. Ba a yi wata hayaniya ba. Yawancin layin ba su ma san an yi ba. Mai Sanyi ya aiko a gaya wa Baba ba komai, amma zai sake kawo maganar bayan wata shida, don nauyin yana nan. Gwaggo ta zo da yamma ta tsaya a bakin ƙofa tana juya wayarta a hannu, ta ce ita fa gwiwarta ba ta hawa bene, amma in na ga yaron ya sauko in kira ta. Har yau ba ta danna ba.

Bayan ta tafi Baba ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashin benci. Ya daɗe yana kallon fitilar.

"Wannan kukan fa?"

"Fankar ce. Datti."

"Shekara uku kina jin wannan ba ki faɗa ba?" Ya jawo injin, ya kwance kusoshi huɗu, ya goge fankar da ɗan burushinsa, ya ɗiga mata mai. Da ya mayar, sai da na kasa kunne kafin in ji tana juyawa.

"Me kika ajiye masa a layi?"

"Muna nan."

"Shi ke nan? Aka ba ki sittin?" Ya koma kan kujerarsa, ya ɗauki gilashin yana juya shi. "Goge. Rubuta..." Ya ajiye gilashin. "Rubuta: Kujerar na nan. Tabarau ya karye, na ɗaure da waya."

Na ƙirga. Sun shiga, har da saura.

"A sa suna?"

"Zai gane."

Kashi huɗu cikin ɗari ba yawa ba ne. Kwana tara muka yi muna jira. Rana ta goma, shafin hantsi ya faɗo wa Ƙasan Benci, maganar Baba ta zauna a gindinsa, inda ba mai iya cire ta. Na gaya masa. Ya ce, "Ya gani?"

"Ban sani ba, Baba. Sai layinsa ya zo."

"Yaushe?"

"Ƙuri'a ce."

Yau kwana goma sha shida. Baba ya san lokutan rufe shafi yanzu, ba ya ko duba agogo. Sau huɗu a yini, gilashi a ido, ƙarfen dalma a hannu, ba tare da ya ɗago ba sai in ji ya ce, "Na wa?"

"Sanyi Uku," in ce.

Sai ya ce uhm, ya ci gaba da aiki. Jiya na lura ya janye kwalin batura daga jikin kujerar, ya goge ta.